Tumbin Manya a Zaurena

Jama'a, ranar Litinin da safe kwatar ƙofar gidana ta ci takalmina. Na fito sayen koko, na ɗaga ƙafa zan tsallaka, sai na ji cakwal! Na zaro ƙafar, takalmi ya ce shi ya samu wurin zama. Haka na koma gida da ɗingishi, Batulu matata tana dariya har da riƙe ciki.

Takalmin bai dame ni ba, da ma ya gaji da ni. Abin da ya hana ni barci shi ne katangar zaurena. Leda ta toshe kwatar tun farkon damina, duk ruwan wanka da wanke-wanken layinmu na Ƙofar Kibo sai ya zo gindin katangar ya kwanta. Na kira Lawal magini ya duba. Ya sa yatsa a jikin ginin, yatsan ya shige kamar cikin tuwo.

Ya ce, "Malam Bahago, in ruwan nan bai tashi ba, katangar ce za ta zauna."

A zauren nan mahaifina ya karantar da rabin unguwa. In zauren ya faɗi, wallahi ba ni da halin tayar da shi.

Sai na sa hula na tafi wurin manya, Allah ya ƙara musu sanyin ofis. Na tarar ba su da lokacin kwata, domin suna can suna ceton duniya. Wai bana sun karɓi shirin kalankuwa daga hannun samarinmu, za su mai da ita biki mai kare muhalli. Ga 'yan zamani da ba su sani ba, kalankuwa wasa ne na bayan girbi, inda samari ke shigar manya, wannan alƙali, wancan likita, a zaga gari ana raha. Na ƙauye ne asali, samarin unguwarmu suka ɗauko shi don nishaɗi.

Na ce wa mai tebur, "Ranka ya daɗe, shebur biyu da amalanke nake roƙo."

Ya ce, "Baba, ai mun wuce nan. Yanzu wayar da kai muke yi."

Ya miƙo mini hula mai hoton bishiya, a cikin leda, ledar kuma a cikin wata leda. Madalla da wannan hangen nesa! Washegari aka kafa rumfa a bakin layinmu, aka wayar mana da kai tun hantsi har azahar. Rana ta yi zafi, aka raba fiya wata, kowa ya sha ya yar. Da taro ya watse, kanmu ya waye sarai, kwata kuwa ta ƙara cika.

Amma kada in ci haƙƙinsu, sun kafa doka ɗaya: ba wanda zai sayi sabon kayan wasa, kowa ya yi shiga da abin da ke hannunsa. To da ma da me muke yi? Tabarau na karan dawa ne, gemu na auduga, babbar riga kuwa zanin gadon iyaye.

Da yamma sai ga Nasidi tela, shugaban samarin, ya zo ƙofar gidana yana tsaki.

Ya ce, "Baba, wasan nan zai lalace. Na nemi mai zama manomi, babu. Na nemi malamin makaranta, kowa ya sunkuyar da kai. Duk so suke su zama manya."

Na ce, "To ka bar su mana, ai ƙasar ma haka take."

Ya ce, "Babba ba ya yiwuwa sai da tumbi. Bara da matashin kai muka cusa, bana iyaye mata sun ɓoye su, saboda ba a mayar ba."

Batulu na bayan ƙofa tana ji. Ba ta fito ba, ta dai ɗaga murya: "Nasidi, ga leda nan a ƙofar gida ta ishi tumbin gari guda. Ku kwashe, ku wanke, ku cusa. Ka ce wanda cikinsa ya fi girma shi ke da babbar kujera."

Ni dai shekara da shekaru na san in matar nan ta yi magana daga bayan ƙofa, an gama.

Kai, jama'a! Ban taɓa ganin son mulki ya yi amfani ba sai ranar Laraba. Samarin da ko tsintsiya ba sa ɗagawa a gidajensu suka naɗe wando suka faɗa kwata. Wannan ya ce nan yankinsa ne, wancan ya ce shi ya riga zuwa. Wani ya taso tun daga Ƙofar Jatau da buhu zai saci ledarmu, aka kore shi, aka ce ya je ya ci arzikin mazaɓarsa. Aka wanke ledoji aka shanya a kan katangu, unguwa ta yi wari na yini guda, ba wanda ya yi ƙorafi.

Wajen la'asar na ji wata ƙara da na manta irinta. Ruwa ne ke tafiya. Na tsaya ina kallon gindin katangata yana fitowa fili, hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Lawal ya zo ya ce in ta sha iska ya yaɓe ta, za ta yi shekaru.

Ranar wasa manyanmu na ƙarya suka fito a jere, kowa na tura ciki gaba, yana ƙas-ƙas in ya motsa. Wanda ya yi nasara sai da mutum biyu suka tallafe shi, ya yi alkawarin gina gada a inda babu kogi, aka yi ta tafi. Ana cikin haka sai ga Mai Girma Sarkin Yanka Zare na gaskiya da jerin motoci. Ya duba kwata, ya ce wannan nasarar shirinsu ce, aka ɗauki hoto. Ya ce gobe-goben nan mota za ta zo ta kwashe ledar zuwa inda ake narka ta.

Sannan ya ce, "Kafin nan a adana ta wuri mai rufi. Zauren wa ya fi kusa?"

Duk unguwa ta juyo ta kalle ni.

Yau kwanaki ke nan goben ba ta iso ba. Zaure ya tsira, alhamdu lillahi, sai dai ban da wurin shimfiɗa tabarma, tumbi ne tun daga ƙasa har azara. In na zubar a bola, iska za ta dawo da su kwata, ruwa ya koma gindin katanga. Don haka kullum ina bakin ƙofa a kan kujera ina gadi, baƙi na gaishe ni a tsaye.

Ban yi fushi ba fa. Tun da nake a duniya, wannan ne karon farko da na ga abin da ya shiga cikin manya ya dawo hannun talaka.