Yadda Malam Yanke Ya Saita wa Manaja Imel

"Ni fa kwamfuta idan ta ji takuna, da kanta take gyara zama!"

Mai wannan cika-bakin shi ne Malam Yanke, ma'aikacin sito a wani kamfanin sayar da kayan gini. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa, domin komai ka tambaye shi sai ya ce, "Akwai yanke." Kai dai ka san irinsu, ba a san su da aiki ba sai kuri.

Rannan Manaja zai tafi hutu, yana so imel ɗinsa ya riƙa amsa saƙo da kansa, ya gaya wa mutane ba ya nan. Ya leƙa nan, ya leƙa can, saitin ya ɓuya kamar allura a rairayi. Mai gyaran kwamfutocin kuwa matarsa ta haihu, bai zo ba.

Yanke, wanda ya daɗe yana hangen ƙarin girma, ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikin yara ne. Masu bin layi-layi ƙauyawa ne. Maɓalli uku, an gama."

Manaja ya ba shi kujera, ya fita amsa waya. Sakatariya ta tsaya kallo.

Gogan ya lanƙwasa yatsu, ya danna. Nan take komai na fuskar kwamfutar ya juye, ƙafa a sama.

"Malam Yanke, lafiya?"

"Haka ake shiga ta ƙofar baya, ƙanwata. Sirri ne."

Ya karkace wuya kamar kazar da ta hango shaho, ya ci gaba da lalube. Can dai, kamar yadda makaho kan taka kuɗi, sai ga shi a wurin da ake nema. Kai ya ƙara kumbura. Don ya ba sakatariya dariya, ya rubuta na gwaji: "Ba na nan. Duk shashashan da ya rubuto, ya je ya nemi abin yi."

"Goge, don Allah, kafin ya dawo!"

"Gogewa ma akwai yanke."

Ya sake dannawa. Sai rubutun manhajar duka ya rikiɗe zuwa wani harshe mai kama da sawun tsutsa. Akwati biyu na zaɓi suka fito a fuskar kwamfutar. Gumi ya keto masa. Ya rufe ido, ya yi bismilla, ya zaɓi na dama. Sai ga Manaja ya dawo.

"An gama, ranka ya daɗe! A sauka lafiya."

Ai ko jakarsa Manaja bai rufe ba, waya ta ɗauki ƙara. Mai kamfanin ne da kansa, tsohon da ko tari ya yi sai an miƙe tsaye. Wai ya aiko da saƙon fatan alheri, an mayar masa da amsa. Daga bakin ƙofa ana jiyo muryarsa: "Ni ne shashasha?"

Kafin Manaja ya gama rantse-rantse, Yanke ya sulale sito ya kulle kansa a bayan buhunan siminti. Hutu dai ya rushe, aka ce Manaja ya zo ya yi bayani baki da baki.

Da ƙura ta lafa, Yanke ya zauna ya tsara wa Manaja saƙon ban-haƙuri ta imel, har da su "ubana, majinginata". Yana aikawa, kafin ya ƙifta ido, sai ga amsa.

Ko buɗewa bai yi ba, ya fito da gudu yana ɗaga waya. "Jama'a, ku zo! Kun ga matsayi? Ko minti bai yi ba ya amsa mini! Wa ya taɓa samun haka a cikinku?"

Direbobi da leburori suka taru. Ya miƙa wa sakatariya wayar yana shafa ƙeya.

"Karanta musu da ƙarfi, maƙiya su ji."

Ta duba, ta gyara murya.

"Ba na nan. Duk shashashan da ya rubuto, ya je ya nemi abin yi."