Rasuwar Wuƙar Iska, Keken Mai Gyaran Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka rasa abin takawa, mai gyaran agogon bakin kasuwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa na tsere, Wuƙar Iska, wanda ya cika ranar Lahadi da hantsi a ƙofar garejin gida, yana da shekara uku da wata biyar.

Marigayin ba keken zuwa cefane ba ne. An haife shi ne don tseren agogo, inda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi kilomita ashirin shi kaɗai, daga shi sai iska sai daƙiƙa. Jikinsa baƙi ne wuluk, shafal kamar takarda. In ka tsaya a gefensa ka ga faɗi, in ka tsaya a gabansa sai ka neme shi ka rasa. Duk wayoyin birkinsa a cikin cikinsa suke, don shi mai rufin asiri ne. Tayar baya faranti ce guda, ba ko ƙofar da ƙuda zai bi. A gaba yana da ƙaho biyu miƙaƙƙu, inda maigidansa kan kifa gwiwar hannu ya dunƙule kamar ƙoƙi-ƙoƙi. Ranar da aka shigo da shi falo, uwargida ta zagaya shi sau biyu, ta ɗaga shi da yatsa ɗaya, ta ce, "Maigida, wannan keke ne ko reza?"

Ba a yabon mamaci da ƙarya. Marigayin ba shi da ƙararrawa, ba shi da kwando, bai taɓa ɗaukar ko ƙwai ɗaya ba. Ba ya son shan kwana, ba ya son rami, in iska ta bugo daga gefe sai ya yi ta tangaɗi kamar mai fushi. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, jama'a! Muryarsa kaɗai ta isa: wuu, wuu, wuu, kamar jirgi na neman sauka. In aka daina taka shi sai ya ce tsirrrr, a hankali, cikin ladabi.

Saboda shi mai gyaran agogo ya aske gashin ƙafa yana ɗan shekara hamsin da ɗaya. Saboda shi ya sa hular kwano mai wutsiya, wadda ta sa akuyoyin unguwa suka daina gaishe shi. Saboda shi ya rage tumbi, don an ce masa ba amfanin keke ya tsaga iska, tumbi ya zo ya ɗinke ta. Duk wannan kuwa saboda mutum ɗaya ne: Dogo mai fenti, amininsa, wanda ke hawa tsohon keken ƙarfe mai ƙugi, amma tsere goma sha ɗaya a jere yana gabansa da daƙiƙa bakwai, ko tara, ko huɗu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita daƙiƙar wasu, tasa ta gagare shi.

Marigayin bai yi jinya ba. Da safiyar Lahadin ma lafiyarsa ƙalau, har ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Da aka karanta sakamako, mai gyaran agogo ya wuce Dogo da daƙiƙa uku. Uku cur! Ya rungume alƙalin tsere, ya rungume Dogo, ya rungume wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya. Ya sumbaci sirdi. Sannan ya ɗaure marigayin a tsaye a kan rufin mota, ya kamo hanyar gida yana danna ham, yana waƙa, yana ɗaga wa fitilun titi hannu.

Da ya shawo kwanar layinsu, uwargida na tsaye a ƙofa da tsintsiya. Ta yar da ita, ta ɗaga hannu biyu tana tsalle tana ihu, "Sama! Maigida, sama!" Shi kuwa daɗi ya kashe shi, ya ce lallai labari ya riga shi isowa. Ya leƙo ta taga ya amsa, "Ai kuwa sama, uwargida! Yau ni ne a sama!" Ya ƙara wuta ya shige gareji.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙarass.

Motar ta shiga, keken bai shiga ba. Makanike ya zo, ya duba, ya cire hularsa ya girgiza kai.

Marigayin ya bar tayar baya, wadda ta gangara har gidan maƙwabta aka dawo da ita ba ko ƙwarzane. Da hular kwano mai wutsiya, wadda yanzu ba ta da dalilin rayuwa. Da takalma biyu masu ƙas-ƙas. Da matsattsiyar riga da ba za a iya bai wa kowa ba sai an yi dogon bayani. Ya kuma bar maigidansa, wanda ke kuka da ido ɗaya, ɗayan yana kallon takardar sakamako. Duk wanda ya ce masa "ya haƙuri?" sai ya ce, "Da godiya. Ka ji dai daƙiƙa uku ne ko?"

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe tara daidai, daga gareji zuwa shagon agogo, inda za a rataye ta a bango tsakanin manyan agogo biyu. Uwargida ce za ta tuƙa motar, kuma ba a karɓar shawara a kan wannan. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya ce "ai keke ne kawai," kada kuma a tambayi makanike ko gam zai yi.

Dogo mai fenti, cikin karamci, ya ba da aron tsohon kekensa don mai makoki ya raka gawar a kai. An karɓa da godiya. Sai dai mai gyaran agogo yana roƙon alfarma ɗaya, don girman zumunci: kowa ya bar agogonsa a gida. Yana tsoron kada ya fi sauri a kan keken Dogo, a zo ana zagin mamaci.