Gaisuwar Mai Girma Ta Cinye Min Kashi Takwas

"Mama, wayar ce ba ta da lafiya, ko ƙanina?"

'Yata mai shekara biyar ce ta jefo min wannan tambayar, kuma a gaban surukata. Ban ga laifinta ba. Kwana uku tana kallona ina naɗe waya a ɗankwali, ina ajiye ta a bayan randa inda ɗakin ya fi sanyi, ina harar duk wanda ya matso kusa. Surukata ta ce ita ma ta so ta tambaya, kunya ce ta hana ta.

Bari ku ji abin da ya kai ni. Yarona ɗan wata bakwai numfashinsa na fita da ƙara kamar usur. Sati shida muna jiran ranar ganin likitan ƙirji. A da kati ake bayarwa, ki jefa a jaka, ba ruwansa da wuta. Sai Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya kawo mana cigaba. An soke kati. Yanzu sai kin buɗe manhaja a waya kin nuna lamba a bakin taga. Ba lamba, ba likita, sai bayan wani sati shidan.

Mu kuwa unguwarmu kwana goma sha ɗaya ba wuta. An zo duba taransifoma har sau biyu, mutum bakwai a mota uku, suka ɗauki hoto da ita suka tafi. Mai cajin bakin titi ya rufe rumfarsa, yana can layin mai rungume da jarka. Baban yara yana kan hanya da motar kamfani. Ni ga ni da caji kashi talatin da ɗaya a waya, saura kwana uku mu ga likita.

To, uwa ba ta zama ta yi tagumi. Na rage hasken wayar har sai na lulluɓa da mayafi nake ganin rubutu. Na kashe data. Na kashe abin nan mai nuna inda mutum yake, tunda na san inda nake, ina cikin duhu. Na cire girgiza, na danna alamar jirgin sama, sau biyu kawai a rana nake sauke ta in ga ko an neme ni. Na hana 'yata katun, ta yi kukanta ta gaji. Ƙanwar mijina ta turo bidiyon sabon labulenta ban buɗe ba, har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Ana cikin haka rediyon maƙwabciyata mai ɗinki ya ɗauko mana wani Babban Mai Ba Mai Girma Shawara, yana yi wa jama'a faɗa kan almubazzaranci da batir. Wai kada mu riƙa barin caji ya wuce kashi tamanin, yana gajiyar da waya. Mai ɗinki ta tsayar da kekenta, ta ce ita dai a taimaka a kai ta tamanin ɗin tukuna, a ga ko ba za ta yi biyayya ba.

Ranar asibiti na isa da kashi tara. A bakin ƙofa ga ƙaton allo mai haske da hoton Mai Girma yana murmushi, da solarsa ta kansa, kada fuskar ta dushe. A ɗakin jira kuwa soket ɗaya ne, an liƙe bakinsa da salatif. Awa biyu ina layi, yaro a baya yana tari, waya a kashe a tafin hannuna. Sai da na dafa tagar sannan na kunna ta na buɗe manhajar.

Lamba ba ta fito ba. Mai Girma ne ya fito, da kansa, a bidiyo. Ya ɗaga hannu, ya gaishe da mu iyaye mata, ya shiga lissafa ayyukan alherinsa ɗaya bayan ɗaya. Na laluba ko'ina babu wurin tsallakewa. Kafin ya gama godiya ga kansa, tara ta koma biyar. Sai manhajar ta tsaya cak tana zagaye. Ma'aikacin taga ya ce in rufe in sake buɗewa. Na sake. Mai Girma ya sake yin sallama tun daga farko, kamar ba yanzu muka rabu ba. Huɗu, uku, biyu, ɗaya. Yana ɗaga hannun bankwana wayar ta mutu.

Wani sati shidan kawai nake gani, ga usur ɗin yaro a kunnena. Ma'aikacin ko ɗagowa bai yi ba. Ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin tebur, ya cire murfin biro da haƙori.

"Hajiya, sunan yaron."

Na ce lambar fa?

"Na'urar karanta lambar tun watan jiya ba ta da caji. Mu dai an ce mu tabbatar kowa ya kalli gaisuwar."

Likita ya duba yaron, ya ba mu magani, numfashin ya fara sauka. Da muka koma gida na ba 'yata amsarta: ƙaninta yana samun sauƙi, wayar ce ta mutu. Ta ce wa ya kashe ta. Na ce wani babban mutum ne ya gaishe ta sau biyu.

Saboda haka 'yar'uwa, in kina da ranar asibiti, ki saurare ni. Kada ki buɗe manhajar nan a gida wai don gwaji. Kada ki dogara da littafin ƙarƙashin tebur, ranar da aka gano yana aiki za a ɗauke shi. Ki ware wa Mai Girma kashi takwas nasa daban, ko za ki ɓata da dangin miji gaba ɗaya. Kuma ki ƙara masa wani abu a kai, domin ma'aikacin taga ya raɗa min cewa ana ɗaukar sabuwar gaisuwa, wadda ta fi wannan tsawo.