Gudun Uba Cikin Rigar Aro

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na yi gudu a tsakiyar majami'a ba. Ko na so mantawa ma, matan zumunta ba za su bari ba.

Lokacin ni ne shugaban matasa a ikkilisiyarmu a Jalingo, ina kuma neman auren Rifkatu. Mahaifinta, Malam Bitrus, tsohon hedimasta ne, mutumin da ko murmushi sai ya auna kafin ya saki. Wata huɗu bai ce mini e ba, bai ce a'a ba, wai yana dubawa. Da aka ce matasa su yi wasan kwaikwayo a kan misalin ɓataccen ɗa, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, zai ga irin surukin da yake ja wa rai.

Na ba Yakubu mai walda matsayin ɗan. Uban kuwa na roƙi Baba Dauda, wani dattijon manomi daga Iware. Gwaji yana tafiya lafiya har muka kai inda uban ya hango ɗansa daga nesa ya ruga ya rungume shi. Baba Dauda ya tsaya cak.

"Ɗana, ni ba zai gudu ba," in ji shi. "Babban mutum, gaban jama'a? Sai dai in wuta ya kama gida."

"Baba, ai a rubuce yake. Gudu ne kawai, me ke ciki?"

"To kai ka yi."

Na karanta wurin nan a Littafi Mai Tsarki ya fi a ƙirga (har wa'azi na taɓa yi a kai, Allah ya yafe mini), amma gudun bai taɓa tsayar da ni ba. A raina na ce taurin kan tsufa ne. Na ari babbar riga wurin maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da yadi a Majidaɗi, wanda ya fi ni tsawo da kusan taƙi biyu. Na manna gemun auduga. Da yake zafin bazara ake yi, a ciki gajeren wandon ƙwallo kawai na sa, mai ruwan ɗorawa. Wa zai gani?

Ranar wasan, majami'a ta cika. Yakubu ya bayyana a bakin ƙofa cikin tsummokaran da ya kwana uku yana shafa wa baƙin mai. Na zabura. Taku na uku na taka bakin riga. Abu biyu suka rage: in kifa da baki, ko in tattare. Na sa hannu biyu na tattare ta har cinya.

Ƙafafuna dai irin na zalɓe ne, gado ne daga kakana. Su da wandon nan muka ratsa majami'a tun daga bagade har ƙofa. Wata mata ta ce, "Wayyo Yesu!" Daga nan dariya ta ɓarke. Na saci kallon Malam Bitrus a layin gaba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka gama, Fasto ya miƙe ya ajiye takardar wa'azinsa. Ya ce a ƙasar Yahudawa a wancan zamani maza dogayen riguna suke sawa kamar namu, kuma magidanci ya yi gudu har a ga ƙwaurinsa babban abin kunya ne. Ya ce yaron da ya cinye gado ya dawo tsiya-tsiya, ai duk gari fitowa za a yi a kalle shi a yi masa ature.

"To ku faɗi gaskiya," in ji Fasto. "Da uban nan ya taso, wa ya kalli Yakubu?"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

"Kun gani? Uban ya kwashe kunyar ya ɗora wa kansa, ɗan ya shigo gida ba ido a kansa."

Matar da ta yi wayyo ɗazu tana share hawaye da bakin mayafi. Baba Dauda, wanda bai taɓa shiga aji ba, yana gyaɗa kai kawai, don shi tun ranar gwaji ya san nauyin abin. Ni mai wa'azi ina tsaye da gemu rabi a manne.

A bakin ƙofa Malam Bitrus ya tare ni.

"Da gangan ka tattare rigar, don a koyi darasi?"

Ƙarya ta zo har bakina, ga ta kyakkyawa. Na haɗiye ta.

"A'a, Baba. Rigar ce ta fi ƙarfina."

"Na sani," ya ce. "So nake in ji me za ka ce. Ka turo manyanka ran Asabar. Su taho a hankali, ba sai sun yi gudu ba."

Tun daga ranar, in dattijo ya tirje a kan wata aya, nakan ja kujera in tambaye shi dalili. Sannan in sa dogon wando.