Faifan Bikina a Fadamar Yohanna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ta fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na gifta ta bakin tasha sai wani marar kunya ya ɗaga murya, "Mai Faifai, yaya tsuntsaye?"

Ni da kuke gani na taɓa riƙe shagon hayar fina-finai a nan Birnin Gwari, lokacin da faifan bisidi yake tashe. Fim ɗaya faifai biyu, ana tsakiyar kallo a tashi a canza, in ya maƙale a ciro shi a hura masa iska a goga a riga. Da wannan sana'ar na yi aure, da ita na yi rufin kwano. Sai waya ta zo. Masu kwamfuta suka kafa tebur a bakin kasuwa suna tura wa mutane fim a waya, shagona ya koma makwancin awaki. (Tun daga lokacin na daina gaisawa da masu turin nan, kuma ban fasa ba.)

Bara abin ya motsa mini. Na shiga wani gida gaisuwa, na tarar an rufe kofin koko da faifai don kada ƙuda ya faɗa. Raina ya ɓaci. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma na san abin da ake kira tarihi. Na ce tunda kowa ya raina faifai, ni zan tara shi, wata rana a zo ana roƙona a gani.

Na fara da ragowar shagona, na koma bin gidaje. Duk mai zuwa Kazage ko Kuyello sai na ba shi saƙo. Aka yi ta kawo mini tarkace: wa'azi, waƙoƙin coci, kokawar Turawa, fim ɗin Indiya faifai na biyu babu na ɗaya. Duk na karɓa. Manyan abokan hamayyata manoma ne. Tunda daji ya zama abin da ya zama, ba mai barin ɗansa ya yini a gona yana korar tsuntsu, sai a zura faifai a igiya a rataya, rana na dukansa yana walƙiya, tsuntsaye su tsorata. Maƙwabcina Yohanna, Bagwari ne mai noman shinkafa, ya dame ni da roƙo. Don in rabu da shi na ce, "To, bari in ware maka waɗanda suka mutu." A gaban matata na faɗi haka. Ku riƙe wannan.

A cikin tarin nan akwai faifai guda da ba na haɗa shi da komai, na bikin aurena. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. A faifan nan kaɗai take, tana dariya tana kare fuska da gyale. Da 'yata ta haihu aka ce sunan tsohuwar za a sa wa jaririya, sai na yi shela cewa ranar suna zan nuna wa jama'a mai sunan. Labari ya kai Kuyello wurin Inna Talatu, ƙanwar mahaifiyata, wadda ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina. Ta aiko cewa ko a bayan babur za a ɗaure ta, sai ta zo ta ga Yayarta.

Ana jibi suna na ce bari in yi wa kayana gata. Na wanke faifan nan kaf da ruwan sabulu, har da na bikin. Da na rasa inda zan shanya su ba su karce ba, sai dabara ta zo mini (dabarata ke nan kullum): na zura su a igiya ta ramin tsakiya, na ɗaure daga mangwaro zuwa katanga. Na fita neman rago da aron janareta. Da na dawo babu igiya, gida cike da mata. Na ɗauka uwargida ce ta kwashe ta mayar kwali. Ban tambaya ba.

Ranar suna bayan la'asar aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfa. Surukai sun zauna, liman ya zauna, an ba Inna Talatu kujera a gaba, ƙurar hanya ko karkaɗewa ba ta yi ba. Na sha babbar riga fara sol. Maimakon in kunna abu in yi shiru, sai da na yi jawabi. Na zagi waya, na zagi masu turi, na ce abin da ke cikin waya iska ne, faifai kuwa ka riƙe shi a hannunka har jikoki. Sannan na buɗe kwali.

Bawon faifai ne kawai. Na buɗe wannan babu, na buɗe wancan babu.

Na leƙa zaure na ƙwala wa matata kira. "Ke, ina faifaina?"

"Waɗanne? Na igiya?"

"Akwai wasu ne?"

"Ai Yohanna ya zo na kwance masa. Ba kai ka ce za ka ware masa ba? Na ga har ka zura masa a igiya, na ce oh, yau Malam ya yi abin kirki."

A gaban surukaina ta faɗi wannan.

Ban san lokacin da na haye bayan ɗan acaɓa ba. Abin takaici, rabin 'yan suna suka biyo ni, wai taya ni nema. Ƙarya suke, kallo suka zo. Muka isa fadama, ga tarihina can yana lilo a kan shinkafa, yana walƙiya kamar ana biki. Yohanna ya taso da fara'arsa.

"Maƙwabci, Allah ya saka! Tun shekaranjiya ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Naka sun fi na kowa haske, wanke su ka yi?"

Na tattare riga na faɗa cikin shinkafa ina bin igiya, ina juya faifai ɗaya bayan ɗaya ina duba rubutu. Wa'azi. Kokawa. Indiya. Taɓo ya cire mini takalmi, na bar shi. Can tsakiyar gona na hango rubutun hannuna, na yi tsalle na cafko, igiya ta tsinke, na zauna daɓas a cikin ruwa, faifai suka zubo mini a ka. Daga bakin gona wani ya ce, "Ku bar shi a nan mana, ai ya fi faifan korar tsuntsu!" Har surukina, yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni, na ga kafaɗarsa tana rawa.

Haka na dawo, taɓo har ƙugu, na goge faifai da hulata na saka. Ya kama! Ga ni ina saurayi, ga abokan ango, an kawo abinci. Na ce, "Inna, ki shirya, yanzu za ta fito." Ango ya ɗebo loma ya wangame baki, sai hoto ya tsaya cak. Rana ta gasa faifan. Na ciro, na hura, na goga, na mayar. Nan dai ya sake tsayawa, bakina a buɗe ya cika talabijin.

Inna Talatu ta dube shi, ta dube ni. "Ɗan nan, wannan ai na san shi, ga shi tsaye yana ɗigar ruwa. Ina Yaya?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina tsaye ina zufa sai matata ta fito, ta durƙusa gefen Inna, ta kunce bakin zani ta ciro waya ta latsa. Sai ga muryar mahaifiyata, tana dariya tana cewa mai ɗauka ya kauce mata.

Na ce, "Ina kika samu?"

"Tun shekarar da ka rufe shago na kai aka juye mini."

"Wa ya juye?"

"Mutanen da ba ka gaisawa da su."

Inna ba ta ma ji mu ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana hawaye tana cewa, "Yaya, sauke gyalen mana in gan ki." Aka yi ta maimaita mata har magariba ta kusa, ba wanda ya ƙara waiwayar talabijin ɗina.

Ban daina tara faifai ba, kada ma ku ɗauka na tuba. Abin da na koya dai shi ne, a garin manoma duk abin da ka zura a igiya ka riga ka yi kyauta da shi. Kuma kafin ka tashi zagin abu a gaban surukai, fara tambayar matarka abin da ta ƙulle a bakin zani.