Shanun Murdo Sun Tare Mai Girma

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Maƙwabcina Murdo ya ɗauke ni a tarakta mu je matatar wuski ta kwarinmu ɗebo dusa. Tun zamanin kakansa haka ake: a jiƙa sha'ir, a tace, dusar da ta rage da ɗuminta a bai wa manoma. Da ita shanun Murdo ke ƙetare hunturu. Babu ita, sai dai ya kai su kasuwa.

Muna isa muka tarar da rumfa, da mai busa, da wani babban jami'in gwamnati, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, riƙe da almakashi. Wai daga yau dusa ta samu ƙarin girma, birni za a kai ta a mayar da ita man mota mai ƙarancin hayaƙi. Madalla! Ni ban ƙi ba, hayaƙi ya ishe mu. Amma ashe ba wanda ya tuna akwai masu cin ta.

Murdo ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, to shanuna me za su ci?"

Mai Girma ya dafa kafaɗarsa, yana yi wa mai hoto murmushi. "Kwantar da hankalinka, dattijo, an kafa kwamiti."

Wallahi tausayin Murdo ya kama ni. Muka juyo da tarakta wayam.

To, sabo turken wawa. Hanyarmu siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, kuma ta gefen gonar Murdo ta bi. Da babbar motar da za ta kai dusa birni ta taho tana tururi, shanu suka ji ƙamshin kalacinsu, suka ture shinge suka yi mata ƙawanya. Motar Mai Girma na biye, ba gaba ba baya, ga ruwa ana tsugawa.

Ya sauke gilashi. "Kai, dattijo! Kore mana su mana!"

Murdo ya sake cire hula cikin ladabi. "Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Yanzu ni da maƙwabcina muka kafa kwamiti."

Sai da direban babbar motar ya juye musu tudun dusa a bakin hanya suka matsa. Nan take Mai Girma ya ba da umarni a riƙa sauke rabon Murdo duk mako.

Ni kuwa shekara da shekaru ina rubuta wa hukuma kan ramin da ke hanyar ƙofar gidana, ko kallo ban samu ba. Gobe zan ari saniya biyu.