Garkuwan Marasa Gata Ya Hau Bene

In ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa garin Kusumganj baiwa da su, sai a fara da Mofazzal Talukdar, sannan a ɗan huta. Shi ne shugaban Ƙungiyar Kare Haƙƙin Naƙasassu, shi ne kakakinta, kuma shi ya zaɓi kansa ba hamayya. Lafiyarsa ƙalau in ban da tumbi, amma ya sha faɗa cewa ciwon naƙasassu a jikinsa yake kwana. A katinsa an rubuta Garkuwan Marasa Gata. 'Yan ƙungiya kuwa, da ya ba da baya, Chacha Lasifika suke ce masa, wato Baffa Lasifika.

Ran Litinin jaridar gari ta fito da labarin gyaran dokar haƙƙin ɗan Adam. Wai an share wa naƙasassu hawaye, ga hoton wani jami'i yana miƙa bargo yana washe baki. Jharna Khatun, wata 'yar ƙungiyar, ta karanta sau biyu a kan kekenta na guragu, ranta ya ɓaci. Babu inda aka ce sabon katin shaidar da dokar ta kawo a saman bene ake yankarsa, ba lif, kuma ran Alhamis za a rufe. In ba katin nan, ba za ta zauna jarrabawar ɗaukar malamai ba, wadda ta shekara biyu tana yi wa karatu.

Shi ma Shugaba ransa ya ɓaci matuƙa, don ya bi labarin daga sama har ƙasa bai ga sunansa ba.

"Wannan cin zarafinku ne!" in ji shi yana dukan tebur. "A yi maganar naƙasassu a ƙasar nan ba a tuntuɓe ni ba? Ran Laraba zan tara 'yan jarida."

Jharna ta rubuta koke shafi ɗaya. Shugaba ya yi alkawarin za ta karanta bayan 'yar gajeriyar gabatarwarsa. Da kansa ya zaɓi zauren taro, irin wanda ya dace da darajar marasa gata: fitilu na reto, jan kafet, kujera mai hannun zinariya. A hawa na uku.

Ran Laraba kekunan guragu tara da masu sanduna suka yi cirko-cirko a ƙofar otal, yayyafi na sauka. Nitai Das, makaho mai saƙar kujeru, ya je ya ƙwanƙwasa matakala da sandarsa ya dawo wurin Jharna, wadda suke kira Apa, wato Yaya.

"Apa, na ƙirga ashirin, ban ji alamar ƙarshensu ba."

Sai ga Shugaba ya leƙo ta baranda cikin farar riga mai sitaci.

"'Yan'uwana, kada ku damu! Ku zauna nan abinku. Ni ne ƙafafunku, ni ne bakinku!"

"Chacha, bakin dai muna da namu," Nitai ya ɗaga murya, amma an riga an kunna lasifika.

To, a Kusumganj ɗan jarida ba ya barin taro sai an miƙa masa kwalin biryani, wato dafa-dukan shinkafa da nama, kuma ba ya ƙara minti ɗaya bayan an miƙa. Shugaba ya san haka sarai, shi ya sa ya ce sai ƙarshe za a kawo. Mai keken dakon da ya kawo kwalayen ya dubi benen, ya dubi gwiwoyinsa, ya ce shi kam iyakarsa nan.

"Sauke nan, ɗan'uwa," in ji Jharna. "Ai mu ne ƙungiyar."

Ta buɗe kwali ɗaya a gindin matakala. Nitai ya karɓi jaridar ran Litinin yana yi masa fifita don ƙamshin ya hau bene, ya ce yau dai ta yi musu amfani. Ba a jima ba 'yan jarida suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da waya a kunne, wai kira ya shigo.

Jharna ta tare kwalayen da kekenta. Ta zaro takardar kokenta.

"Shafi ɗaya ne. Wanda ya nuna mini ya rubuta bene da ran Alhamis, ya ɗauki nasa."

Ta karanta, suka rubuta. Wata 'yar jarida ma ta manta da kwalin, ta tsaya tana tambayar mutum nawa ne ba su sami katin ba.

A sama kuwa Shugaba na ba da tarihin rayuwarsa, har ya kai shekarar da ya gama firamare kafin ya lura cewa ma'aikacin otal kaɗai ke saurarensa, shi ma kujeru yake jira ya kwashe. Ya sauko yana haki. Wani mai kyamara ya tare shi.

"Chacha, kai ne mai biryanin? Kwalina babu ƙwai."

Da safiyar Alhamis, bayan labarin ya karaɗe gari, aka sauko da teburin yankan kati ƙasa, Jharna ta karɓi nata, har da 'yar ƙwalla. Shugaba ya iso da sarƙar furanni a wuya, wadda ya saya a hanya, ya tsaya gaban layi.

"Da gangan na kai taron sama, don duniya ta ga wahalarku. Dabara ce ta manya."

"Allah ya saka da alheri, Chacha," in ji Nitai. "Taro na gaba ka kai shi hawa na biyar. Ka yi gaba, mu za mu kula da ƙasa."